Silon da Nehemiya Ya Saita

Duk wanda ya zauna a Sintali a shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha ya san motar Njidda, ko da bai san Njidda ba. Fijo ce akori-kura, irin ta dā mai giya a jikin sitiyari. An ce fara ce lokacin da aka ƙera ta, amma mu dai da launin jar ƙasar hanyar Sunkani muka san ta. Mai ita dogon mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda idan ka gaishe shi sai ya duƙar da kai ya amsa kamar kai ne babba. Doya yake ɗaukowa da masara daga kasuwannin ƙauye, wani lokaci awaki, wani lokaci kwanon rufi na masu sabon gini, don a lokacin kowa gini yake yi.

Njidda ba ɗan gari ba ne. A ruga aka haife shi, kuma kiwo ya yi har gemunsa ya cika. Annobar shanun da aka yi a farkon shekarun tamanin ita ta koro shi cikin gari. Garken da ubansa ya bar masa ya ƙare a gabansa cikin damina ɗaya, yana tsaye da sanda a hannu, ba abin da zai iya. 'Yan da suka tsira ya sayar, in ban da maraƙi guda da ya bar wa ƙanensa amana. Ya shigo Jalingo da matarsa Aisatu, ya sayi tsohuwar mota a hannun wani ɗan kasuwa, alhali ko kunna ta bai iya ba. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa Bafillace ya sayi saniyar ƙarfe bai san ta inda ake tatsarta ba.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Nehemiya, bakaniken da ke da rumfa a bakin titi, maƙwabcinsu ta bayan gida. Ɗan ƙabilar Mumuye ne, gajere, mai faɗin kafaɗa da baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda ko ranar Lahadi ba ya fita. Shi ya duba motar, ya ce tsohuwa ce amma ba maƙaryaciya ba. Shi ne kuma ya riƙa fita da Njidda filin bayan makaranta da yamma har ya koya masa tuƙi. Hausar Nehemiya irin ta nan ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, sai ka ji ya ce wa Njidda "ke" ya ce wa mota "shi". Njidda ma tasa Hausar ba ta miƙe ba, Fulatanci na leƙowa ta kowace kafa. Da wannan karkatacciyar Hausar suka yi abota, kowa yana kiran ɗan'uwansa Sobajo, wato aboki a bakin Fulani. Nehemiya yakan ce bai taɓa ganin direba irin wannan ba, mutum yana tuƙi yana yi wa mota tsaki da lallashi kamar mai bin saniya mai ciki.

Yadda motar ta zama ta ɗaukar gawa kuwa, ba wanda ya shirya. Wani maƙwabci ne ya rasu ana tsuga ruwa, maƙabarta ga nisa, gari ya faɗaɗa ya ture ta can baya. Njidda ya fito ya share bayan motarsa, ya shimfiɗa tabarma, ya ce a ɗora makara. Daga ranar, in an yi rasuwa a Sintali, ƙofarsa ake fara bugawa. Ko yana da lodi sai ya sauke. Bai taɓa karɓar ko goro ba, kuma idan ya dawo shi da kansa yake wanke bayan motar, ba ya bari wani ya taɓa. Akwai matan kasuwa da suka daina ba shi doyarsu saboda wannan, wai ba za su ɗora abinci inda aka kwantar da mamaci ba. Aisatu ta yi ƙorafi har ta gaji. Abin da ya ce mata kawai shi ne, shanunsa sun mutu a daji ungulu ta ci, ba wanda ya raka su, mutum kuwa bai kamata ya tafi haka ba.

To amma inji ba ya jin wa'azi. Nehemiya ya buɗe shi ya rufe ba adadi, ya sauya ringi, ya wanke filogi, ya yi masa duk dabarar da bakanike ya sani. Injin ya tsufa, tsufa kuwa ba shi da gyara. Yana shan baƙin mai kamar kunu, yana hayaƙi, kuma in Njidda ya ɗaga ƙafa daga totur ko yaya, sai ya mutu. Haka aka yi ta lallaɓawa har daminar 1995, ranar da Kande mai ƙosai ta rasu.

Kande tsohuwa ce da ba ta da kowa a garin, sai yaran da suka girma da ƙosanta. Aka yi mata sallah, aka ɗora ta a motar Njidda. A tsakiyar hanya, daidai wata 'yar gangara, motar ta yi tari ta mutu. Njidda ya murɗa makulli, ta ƙi tashi. Kafin ya fito ya ce a sauke makarar a ɗauka a kafaɗa, samarin da ke biye sun riga sun dafa bayan motar, saboda sabo, don duk Sintali ba wanda bai taɓa tura motar Njidda ba. Suka tura, shi ma hannu da ƙafa suka yi abin da suka saba, ya saki kuloci. Motar ta yi wata irin zabura, makarar ta zame ta bugi ƙofar baya, likkafanin ya yaye daga ƙafar tsohuwar. Wani dattijo ya yi sauri ya rufe. Ba wanda ya ce wa Njidda komai, ko a ranar ko bayanta. Shi dai ya ga tafin ƙafar Kande a madubi, kuma wallahi abin ya ci shi fiye da mutuwar shanun.

Ya dawo gida ya wanke motar, ya rataye makulli a ƙusa, ya daina fita. Aisatu ta kai masa abinci ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Da ta ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ta ce masa, Malam, in ba zai gaya mata ba, ai ya zagaya ya gaya wa abokinsa.

Nehemiya a lokacin ya daina zuwa rumfa. Ciwon hanta ya kama shi tun rani, cikinsa ya kumbura, kafaɗun nan masu faɗi sun zube. An kai shi asibiti, an ba shi magani, an ce ya koma gida ya huta, kuma kowa ya san ma'anar wannan hutun. Njidda ya same shi a kujerar katako a gindin mangwaron tsakar gidansa, matarsa Alisabatu tana tankaɗe a gefe. Ya zauna ya faɗi abin da ya faru, ya ce ya gama, ba zai sake ɗora ɗan Adam a bayan motar nan ba, sayar da ita zai yi wa masu kayan gwangwan.

Nehemiya ya saurara har ƙarshe. Ya jira Alisabatu ta shiga ɗaki da garinta, sannan ya yi magana.

"Sobajo, in ka sayar da shi, wa zai ɗauke ni?"

Njidda ya ce ya bar irin wannan zance, Allah ne mai rai.

"Na sani. Ni ma Allah nake jira. Amma ni ne fasinjanka, kuma ba ƙauye za a kai ni ba. Ƙauye bai san ni ba. A nan za a sa ni, kuma ba na so a tura ni kamar Kande."

Ya ce jikin motar lafiya lau yake, giyabos ɗinta ma zai binne su duka biyun. Zuciya kawai take buƙata. A samo injin Fijo na baya-bayan nan, a kawo motar nan tsakar gida, shi yana zaune zai faɗi, Njidda ya zama hannunsa. Njidda ya dube shi, ya dubi hannayen nan da suka rame har baƙin man ya fita daga farce, ya ga ba shi da bakin cewa a'a. Ya ɗauki alkawari biyu a ranar, cewa za a sa injin, kuma motar ba za ta tsaya da Nehemiya a hanya ba.

Tobiya, babban ɗan Nehemiya, wanda yake aikin walda a Wukari kuma yana da iyalinsa a can, shi ya samo injin. Na wata Fijo ce ta ofis da ta kife, jikin ya lalace amma injin ko ƙwarzane babu. Njidda bai yarda ba sai da aka rantse masa cewa ba wanda ya mutu a cikinta. Sannan ya tafi rugar ƙanensa. Maraƙin nan da ya bari ya zama bijimi, kuma daga tsatsonsa an samu 'yan shanu da yake zuwa dubawa duk sallah, ya shafa wuyansu ya dawo. Ya zaɓi bijimin ya sa aka kai kasuwa don a biya kuɗin injin. Bai bi shi ba, a rugar ya zauna har aka dawo.

Aka turo motar ta lungu aka shigar da ita gidan Nehemiya, sai da aka cire ƙyauren langa-langa kafin ta wuce. Aka rataya sarƙar ɗaga inji a babban reshen mangwaro. Alisabatu ta ce in reshen ya karye su biya ta mangwaronta na baɗi, Nehemiya ya ce ita da baɗi, shi dai yau ya sani. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Aikin ya ɗauki makonni, don mai umarnin ba kullum yake iya zama ba. Wata rana daga safe har azahar yana kan kujera yana nuni da sandar rake, wata rana ko fitowa ba ya iya yi, sai Njidda ya zauna a gefen motar yana wanke notuna da kananzir yana jera su a faranti. Ranar da aka ciro tsohon injin, Abbo mahauci da wasu maƙwabta suka ja sarƙar, injin ya fito yana ɗigar baƙin mai, aka sauke shi a kan tsohuwar taya. Njidda ya dafa shi ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Sabon kuwa da aka sauke cikin ramin, sai ya ƙi zama. Kujerun injin ba su dace ba, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi ƙasa. Tobiya ya zo daga Wukari ya yanka ya ƙara ƙarfe ya yi walda, uban yana daga kujera yana cewa ya karkace, ɗan yana cewa bai karkace ba, aka sa igiya aka gwada, ashe ya karkace. Tiyon lagireto ya yi gajere, bakin salansa bai haɗu ba, wayoyi kuwa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tobiya ya so a sa giyabos ɗin da ya zo da injin, ya ce zai fi gudu a hanyar Wukari. Nehemiya ya ce a'a, tsohon za a bari, giyarsa ta lamba ɗaya mai nauyi ce kuma ita yake so.

Njidda, mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba sai don miƙa wa wani, ya koyi kwanciya a ƙarƙashin mota. Idan lokacin sallah ya yi, Alisabatu takan kawo masa ruwa a buta da sabulu, ta shimfiɗa masa buhu mai tsabta a bayan rumbu. Aisatu kuma takan aiko da fura da nono ta kan katanga, ko da yake marar lafiyar cokali biyu yake iya sha.

Ita Alisabatu, ya kamata a faɗa, tana da ƙafa. Tun tana budurwa ta faɗo daga motar doya, ƙashin cinya ya karye, mai ɗori ya ɗora shi a karkace. Tana tafiya tana jan ƙafar hagu, a hankali, jiki yana rangaji. Kuma mace ce mai taurin kai, ko kusa ba ta yarda da sanda, ba ta yarda a rage mata hanya. Coci da ƙafa, kasuwa da ƙafa, taron matan zumunta na coci da ƙafa. Nehemiya ya yi shekaru yana gyara motocin mutane, matarsa kuwa tun faɗuwar nan ba ta sake hawa bayan mota ba.

Ranar da injin ya tashi, bugu ɗaya ya yi. Ƙararsa ta cika gidan, santsi, ba tari ba hayaƙi, kaji suka watse. Abbo ya yi kabbara, Tobiya ya ce an gode wa Yesu, Njidda ya kifa goshi a kan sitiyari. Nehemiya kuwa ya karkata kai yana saurare, ya ce saura silo.

Silo, ga wanda bai sani ba, shi ne yadda inji yake numfashi shi kaɗai idan direba ya ɗauke ƙafa daga totur. Wani ɗan sukuru ne a jikin kafireto, ka murɗa shi ciki inji ya ɗaga murya, ka sassauta shi ya kwantar. Washegari da hantsi, bayan Tobiya ya koma, Nehemiya ya sa aka matso da kujerarsa jikin motar, ya karɓi sukundireba da hannunsa. Wannan kaɗai ne aikin da ya yi da kansa a duk gyaran. Ya sassauta, ya ce Njidda ya sa lamba ɗaya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya ya bar motar ta tafi da kanta zuwa ƙofar gida. Sannan ya kira matarsa, ya ce Maman Tobiya, ga awaki can za su shiga gaban mota, ta bi gefe ta kore su. Ta tashi tana mita ta bi. Motar ta riga ta isa. Ya ce a dawo da baya, ya ƙara sassautawa, ya sake cewa awakin sun dawo. Haka aka yi ta yi, gaba da baya a tsakar gida, har Alisabatu ta ce shi da awakin duk Allah ya shirye su, ita tana da tuwo a wuta. A zuwan ƙarshe ita da motar suka isa ƙofa tare. Injin kuwa ya yi ƙasa ƙwarai, yana kaɗawa a hankali, har sitiyari yana rawa a hannu.

Njidda ya ce, Sobajo, wannan ai mutuwa zai yi. Nehemiya ya ce ba zai mutu ba, injin yana da ƙarfin da zai ja a haka, shi ya sa aka sa shi. Ya miƙa masa sukundireban.

"Kome ka taɓa a motan nan, naka ne. Wannan ɗaya kada ka taɓa."

Aka mayar da ƙyaure, mota ta koma hanya. Ta hau tudun da a dā sai an sauke rabin doya, ta je Sunkani ta dawo ba ta nemi ruwa ba. Amma duk inda Njidda ya tsaya, a mahaɗa ko a layin mai, sai ta kama rawar nan kamar mai jin sanyi. Direbobin tasha suka sa shi gaba. Wai an sa wa tsohuwa zuciyar budurwa amma har yanzu makyarkyata take. Wani ya ce masa a hankali, ba da wasa ba, cewa ciwo ya taɓa kunnen Nehemiya, silon nan ya yi ƙasa, wata rana sai ta mutu masa a tsakiyar jama'a. Wannan maganar ita ta shige shi. Dariya ba ta dame shi ba, ya saba. Amma duk lokacin da sitiyarin ya yi rawa, tafin ƙafar Kande yake gani. Ya yi alkawari motar ba za ta tsaya ba, ga shi kuma kullum tana yi kamar za ta tsaya. Wata safiya a bayan kasuwar Sunkani ya buɗe bonet, ya murɗa sukurun ciki. Injin ya ɗaga murya ya daidaita, rawar ta ɗauke.

Kunya ta hana shi faɗa. Ya san kunnen abokinsa, don haka idan zai je gaishe shi sai ya kashe motar tun daga bakin lungu ya ƙarasa da ƙafa. Nehemiya a lokacin ya koma ɗaki, ba ya fitowa gindin mangwaro. Wata rana Njidda yana zaune a bakin gadon, sai marar lafiyar ya ce ba tare da ya buɗe ido ba, "Motanka ya koyi sauri, Sobajo. Ina jin shi da safe in za ka fita." Njidda ya ce hanya ce ta yi kyau. Nehemiya ya ɗan yi murmushi. A ransa Njidda ya ce zai mayar, amma tsoro ya riƙe masa hannu, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi.

Nehemiya ya rasu ana gab da girbin gyaɗa, da rana tsaka, Alisabatu tana riƙe da kansa. Njidda ya wanke motar ciki da waje, ya duba mai, ya duba ruwa, ya goge kan batir. Komai ya duba ban da abu ɗaya.

Ya sha ɗaukar gawar Kirista, amma kullum ƙauye ake kai su, kowa a mota, a kama hanya. Jana'izar Musulmi kuwa maza ne zalla, kuma da hanzari ake yi. Bai taɓa jan gaban irin wannan rakiyar ba. Da aka fito daga coci aka ɗora akwatin a bayan motarsa, sai ya ga jama'a sun jeru a titi da ƙafa, fasto a gaba, matan zumunta da ɗaurin zanensu iri ɗaya da tukwanen kiɗansu, maza a baya, har da su Abbo da hulunansu a can gefe. Tobiya ya roƙi uwarsa ta shiga gaban mota kusa da direba. Ta ce a'a. Ta ce da ƙafarta ta shigo gidan mutumin nan, da ƙafarta za ta raka shi. Ta tsaya a bayan motar daidai ƙofar baya.

Njidda ya yi bisimilla, ya sa lamba ɗaya, ya ɗaga ƙafa a hankali. Motar ta tafi sumul. Matan suka ɗauki waƙa. Bai yi nisa ba ya duba madubi, ya ga tazara ta buɗe tsakaninsa da mutane. Ya taka kuloci ya jira, suka matso, ya saki, ta sake barinsu. Ya gwada riƙe ta da rabin kuloci da birki, warin ƙuna ya fara tasowa, motar ta ɗan yi tsalle, ya ji akwatin ya motsa a baya. Ya sake duban madubi. Jama'a duk sun rage tafiya saboda mutum ɗaya. Alisabatu ce a gaba, tana jan ƙafar hagu, tana ƙoƙarin sauri irin wanda bai taɓa ganin ta yi ba, hannunta a miƙe wajen motar da ke ƙara yi mata nisa. Ba ta kuka, ba ta waƙa, ƙoƙari kawai take ta kamo mijinta.

A nan ya tuna tsakar gida. Ya tuna gaba da baya, da awakin da a gaskiya suna can kwance a gindin rumbu ba su tashi ba, da zuwan ƙarshe da ita da motar suka isa ƙofa tare.

Ya taka birki ya tsaya a tsakiyar titi, abin da ya rantse ba zai yi ba. Bai kashe injin ba. Ya fito da sukundireba ya ɗaga bonet. Waƙar ta yanke, ya ji ana cewa ta sake mutuwa, samari har sun fara naɗe hannun riga. Abbo ya daka musu tsawa ya ce kada wanda ya taɓa motar. Njidda ya sunkuya cikin zafin injin, hawaye yana ɗiga a kan kafireto, ya sassauta sukurun kaɗan kaɗan yana saurare. Muryar injin ta yi ta sauka har ta kai inda jikin motar ya fara rawar nan da ake yi masa dariya a kai. Ya rufe bonet, ya tsaya a gefe har Alisabatu ta iso. Ta dafa ƙofar baya da hannun dama tana haki. Ya jira numfashinta ya dawo, sannan ya shiga.

Ya sa lamba ɗaya, ya ɗauke ƙafafunsa duka biyu ya ajiye a ƙasa. Motar ta tafi da kanta, tana kaɗawa, taku bayan taku. Ta bi ta gangarar da ta mutu da Kande, ta haye 'yar tudun da ke gabanta, ba ta yi ko tari ba. Matan suka mayar da waƙarsu. Duk tsawon hanyar idonsa yana kan madubi, kuma hannun Alisabatu bai bar ƙofar baya ba har bakin maƙabarta.

Bayan an rufe kabari mutane sun fara watsewa, ta zo ta same shi a jikin motar, inda ya tsaya shi kaɗai.

"Malam Njidda, ya gaya maka ne?"

"Bai gaya mini ba, Maman Tobiya. Cewa kawai ya yi kada in taɓa. Na taɓa."

Ta dubi motar, wadda har lokacin bai kashe ba.

"Ni ma bai gaya mini ba," in ji ta. "Na ɗauka awaki yake sa ni kora."

Njidda ya ƙara shekaru yana tuƙa motar, yana ɗaukar doya yana ɗaukar mamata. A layin mai da bakin tasha tana nan tana rawarta, sababbin bakanikai suna ce masa, Baba, kawo a ɗaga maka silon nan, aikin minti ɗaya ne. Yakan gode musu, ya ce ba nasa ba ne.